Daga Fabrairu Zuwa Satumba: Kuɗin 'Yan Makaranta a Ƙasar Rai Buba

Wanda ya tashi daga Garwa zai tafi Collire, garin da taswira ke rubutawa Tcholliré, sai ya haye gadar Binuwai ya kama babbar hanyar Ngaundere. A kan wannan hanya ake ratsa Ngong mai kasuwar hatsi da shanu, ake barin mararrabar Lagdo a hagu, wato hanyar madatsar ruwan nan da aka gama a 1982, wadda mutanen Yola da Makurɗi da Lakwaja suka haddace sunanta saboda ambaliya. A Gidjiba ake sauka daga babbar hanya a yanki gabas, daji ya rufe dama da hagu, birai na tsallake hanya abinsu.

Collire ita ce hedikwatar gundumar Mayo-Rai, mai ƙananan hukumomi huɗu: ita kanta, da Rai Buba, da Tuboro, da Madingirin. Ofisoshin gwamnati a nan suke, amma sarauta tana Rai Buba, masarautar da Arɗo Buba Njidda ya kafa a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu. Har yau Baba ake ce wa lamiɗon, kuma dogaransa ba baƙin abu ba ne ga idon Bahaushe. Gandun dajin da ke ɗauke da sunan Buba Njidda yana nan kusa, inda mafarauta bisa dawaki suka kashe ɗaruruwan giwaye a 2012. Mutumin kudancin Kamaru kuwa in ya ji sunan Collire, gidan yarin da gwamnatin Shugaba Ahijo ta riƙa tsare 'yan siyasa a ciki shi ke fara faɗo masa a rai.

Ni auduga ce ta kai ni. Wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa, ya ga yadda kasuwar kaɗa ta mace a kan idonsa, dole ya so ganin inda har yanzu ake kafa sikeli a ƙauye, ake tara farar auduga tuli-tuli ana jiran motocin kamfani. A arewacin Kamaru kamfanin Sodecoton, wanda aka kafa a 1974 da hedikwata a Garwa, shi ke riƙe da harkar tun daga iri har gurza. Amma abin da ya tsaya mini a rai na taho da shi ba na gona ba ne, na makaranta ne, ko da yake igiya ɗaya ta ɗaure su.

Mai masaukina ɗan kasuwa ne, jikan Kanawa, Fulatanci ya fi Hausa zama a bakinsa kamar yawancin mutanen wurin. A bayan shagonsa akwai ɗakunan haya da 'yan sakandare ke kamawa. Yara ne daga ƙauyukan da ba su da babbar makaranta: Duru, Mbum, Fulani, da 'ya'yan Mafa da Tufuri waɗanda iyayensu suka gangaro daga arewa mai nisa neman ƙasar noma tun shekarun 1970. Kowa ya zo da buhun masararsa, su ke dafa wa kansu. Wata ranar Juma'a da yamma na ga sun taru a gindin bishiya, wata yarinya na riƙe da littafin rubutu, tana kiran suna ana miƙo mata tsaba. Na ce, "'Yata, me ake rabo ba a kira baƙo ba?" Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba rabo ba ne, zubi ne." Adashi suke yi, irin wanda uwayenmu ke yi, su a can tontin suke ce masa.

Da na zauna da su sai na fahimci ba talauci kaɗai ke korar yaro daga aji a wannan ƙasa ba. Akwai saɓanin lokaci. Kuɗi na shigowa ƙauyukan Mayo-Rai ne da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, lokacin da ake awon auduga ana biyan manoma. A wannan tsakanin yaro ma yana samun nasa: ya yi tsinkar auduga a gonar wani, ya buga bulo, ya sayar da ruwa ko gyaɗa ranar kasuwa. A cikin wannan yalwar ne bikin ranar matasa na 11 ga Fabrairu ke faɗowa, da faretinsa da sababbin takalma da wasanni na mako guda. Makaranta kuwa a farkon Satumba take buɗewa, bayan Agusta, watan da kowane manomi ya san rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, abin da ya rage a hannu ya tafi noma da maganin zazzaɓi. A daidai nan ake neman kuɗin shiga: sefa 7,500 ga ƙananan azuzuwan sakandaren gwamnati, 10,000 ga manya. Wannan shi ne na hukuma. A kansa akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wanda a makarantu da yawa ya fi na hukumar nauyi domin da shi ake biyan malaman wucin gadi, ga yunifom, ga littattafai, ga hayar ɗaki. Kafin a numfasa kuma an buɗe rajistar jarrabawar BEPC da Probatoire da Baccalauréat, ita ma da wa'adinta, tun kuɗin auduga bai zo ba. Yaron da ya rasa wa'adin ya rasa shekara. Wanda ya rasa shekara kuwa ramukan haƙar zinariya na nan cikin daji suna jiransa, kuma da wuya wanda ya shiga ya dawo aji.

Adashi ba ya magance wannan, kuma yaran sun sani. Kwasar adashi bi da bi take zuwa, ba ruwanta da ranar da buƙata ta taso. In mutum goma suka yi zubi, ɗaya zai kwasa a Janairu, wani a Maris, alhali dukkansu Satumba suke buƙata. Wanda ya kwasa da wuri dole ya nemi inda zai ɓoye kuɗin wata bakwai, a ɗakin da mutum huɗu ke kwana, ko a gidan da ƙane zai kwanta ciwo a tsakiyar damina a ce ina ɗan abin nan naka. Da an yi hutu a Yuni kuma ƙungiyar ta watse, kowa ya koma ƙauyensu. Manomi ya san yadda zai kai hatsin kaka zuwa bazara domin yana da rumbu, kuɗin yaro ne ba shi da rumbun da zai kai shi daga Fabrairu zuwa Satumba.

Wanda ya buɗe mini ido a kan sauran zancen wani malamin Turanci ne da aka turo aiki daga yankin Bamenda. Shi abin mamaki ne a wurinsa a ce gari kamar wannan yaro ba shi da littafin ajiya, don a ƙasarsu kusan kowane gari yana da ƙungiyar ajiya da lamuni ta membobi, kuma iyaye kan buɗe wa yaro asusu tun yana ƙarami. Abin yana da tarihi. A 1963 wani limamin Katolika ɗan Holan, Anthony Jansen, ya fara tara manoma a Njinikom suna zuba ɗan abin da suka samu, suna ranta wa junansu. Zuwa 1968 ƙungiyoyin sun yi yawan da suka kafa uwar ƙungiya a Bamenda, wadda yanzu ake kira CamCCUL, kuma har yau tana cikin manyan cibiyoyin ƙananan kuɗi a Kamaru. Tsarin ba wuya: wanda ya zuba shi ne mai ƙungiyar, kowane memba ƙuri'a ɗaya ko nawa ya ajiye, ba a ranta wa bare, kuma ba a ranta maka sai an ga tarihin ajiyarka. A Jamus aka faro shi, inda Raiffeisen ya kafa irinta ga manoma a 1864. A Kanada Alphonse Desjardins ya kafa tasa a garin Lévis a 1900, kuma abin da aka tara ranar farko bai kai dala 27 ba. Shi wannan Desjardins bai tsaya ga manya ba: a 1907 ya shigar da asusun cikin makaranta, yara na kawo 'yan kwabbansu ana rubutawa, kuma abin ya bazu a makarantun lardin Kebek. A Amurka ma akwai sakandaren da ɗalibai ke zama a kanta suna karɓar ajiyar 'yan uwansu, a matsayin reshen wata babbar ƙungiyar garin.

Na tambaye shi, "To Malam, me ya hana a nan?" Ya ce abu uku, kuma ya ce doka ce mafi sauƙi a cikinsu.

Dokar dai ga ta. A Kamaru sai mutum ya cika shekara 21 ake ɗaukarsa baligi a sha'anin yarjejeniya, don haka ɗan aji huɗu ba zai sa hannu a takardar bashi ta zama hujja ba. Karɓar ajiyar jama'a kuma sana'a ce mai lasisi. Hukumar COBAC mai sa ido a kan bankunan ƙasashe shida na Afirka ta Tsakiya tana da ƙa'idar ƙananan cibiyoyin kuɗi tun 2002, an sabunta ta a 2017, kuma sabuwar ta wajabta wa ƙungiyoyin da ke hulɗa da membobinsu kaɗai su kasance ƙarƙashin wata uwar ƙungiya. Ma'ana, ɗalibai ba za su tashi su kafa banki da kansu ba. Abin da zai yiwu shi ne irin na Kanada da Amurka: kuɗin ya kwana a asusu ɗaya a wata cibiya mai lasisi, da sa hannun manya biyu ko uku, amma karɓa da rubutu da lissafi su kasance a hannun yara. Ni ban ga aibu a nan ba. Yaro ɗan shekara 16 bai kamata ya kwana da kuɗin mutum ɗari a ƙarƙashin katifa ba, a yankin da masu tare hanya da masu satar mutane suka daɗe suna addabar makiyaya da 'yan kasuwa.

Kuma ba daga ƙasa za a fara ginin ba. Makarantun sakandaren Kamaru suna da abin da suke kira koferatif, ƙungiyar ɗalibai da suka gada daga tsarin Faransa, wadda ake zaɓar shugabanta da ma'ajinta daga cikin yara, har da yaƙin neman zaɓe. Galibin aikinta shirya wasanni ne da bukukuwa, musamman na makon matasa. Abin da ya ba ni takaici ke nan: an koya wa yara zaɓe, an koya musu riƙe muƙami, sannan aka taƙaita su ga kashe kuɗi a watan da ya kamata su tara. Ƙungiyar da ta iya haɗa kuɗin kiɗa da lemo a Fabrairu za ta iya kafa tebur ranar Juma'a ta karɓi ajiya.

Abu na biyu shi ne amana, kuma a nan mai masaukina ya karɓe zancen. Ya ce mutanen Kamaru sun sha wuya a hannun masu cewa kawo mu ajiye maka. A 2011 aka rufe Cofinest, ɗaya daga manyan cibiyoyin ƙananan kuɗi na ƙasar, mutane suka yi ta zarya a ƙofar ofisoshinta. A 2018 hukuma ta rufe wata ƙungiya mai suna MIDA a Yawunde, wadda ta tara matasa dubbai da alkawarin ninka musu kuɗi. Mu ma a Najeriya ba mu manta da MMM ta 2016 ba. Uban da ya ga irin wannan, in ɗansa ya zo ya ce makaranta ta buɗe asusu, abin da zai fara tambaya shi ne wa zai ci. Tambaya ce ta mai hankali, kuma ba a amsa ta da rantsuwa. Amsarta ita ce kowane yaro ya riƙe ɗan littafinsa, a rubuta a gabansa, mai karɓa daban, mai rubutu daban. Ran da aka karɓa a kai kuɗin cibiya, a manna rasit a allon sanarwa inda kowa zai gani. Ƙarshen wata a karanta lissafi da ƙarfi a gaban membobi, a kuma bar uba ko uwa su zo su duba duk ran da suka ga dama. Shugaban makaranta kada ya zama shi kaɗai ke sa hannu, ba don ana zarginsa ba, sai don makaranta kullum cikin buƙata take, kuma kuɗin da ke kusa shi ake fara ara.

Waya ta rage wahala a nan. Orange Money da MTN MoMo sun shiga ƙauyuka, kuma tun 2018 ma'aikatar ilimin sakandare ta mayar da biyan kuɗin makaranta da na jarrabawa ta hanyar waya da wasu cibiyoyin kuɗi. Ke nan ajiyar yaro za ta iya tafiya kai tsaye daga asusu zuwa biyan rajistarsa ba ta bi ta aljihun kowa ba. Sai dai waya ba ta maye gurbin taron Juma'ar nan. Kuɗin da ke cikin waya a tafin hannu yake, da daddare ma ana iya cire shi. Wanda ke cikin asusun ƙungiya kuwa sai ka tsaya gaban abokanka ka faɗi abin da za ka yi da shi, kuma wannan 'yar kunyar ita ce rabin amfanin abin.

Na uku shi ne kuɗin ruwa. Collire gari ne na Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya, kuma aji ɗaya ke haɗa 'ya'yansu. Ƙungiyoyin Bamenda da kuɗin ruwa suke tafiya, malamin bai ɓoye ba. Mai masaukina ya ce masa, "Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ɗana ba zai ci ruwa ba, ba zai bayar ba." Ina ganin a asusun yara wannan ba abin jayayya ba ne, domin ba riba aka zo nema ba. A ajiye, a karɓi abin da aka ajiye cif. In za a yi rance, ya zama rance mai kyau wanda ba ƙari a kansa, kuɗin littafi da biro kuwa a yanka wa kowa ɗan abu kaɗan sau ɗaya a shekara. Iyalin Kirista ba su yi asarar komai ba, na Musulmi kuma sun samu natsuwa. Liman ma zai iya tsayawa a kai, tun da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Mu da muke da wannan aya mu ne muka fi kowa yin bashi da baki, mu rabu da 'yan uwa a kansa.

A kan rancen kansa ra'ayina ya bambanta da na malamin. Shi yana so a fara bayarwa da wuri, don a nasa ganin rance ne ke jawo membobi. Ni gonar auduga ta sa na yi taka-tsantsan. Sodecoton na ba manoma taki da maganin feshi bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, a cire a lokacin awo, kuma manoma kan kasu ƙananan rukuni suna tsaya wa juna: in ɗaya ya gaza, a cire daga kuɗin sauran. Tsarin ya riƙe harkar shekaru da yawa, kuma rashin irinsa na cikin abin da ya kashe tamu. Amma duk wanda ya zauna da manoma zai ji ɗacin wanda ya yi aikinsa tsakani da Allah aka yanke masa saboda maƙwabcin da ya sayar da takinsa a kasuwa. Manya ma da ƙyar suke haɗiye wannan, balle yara 'yan aji ɗaya. Shekarar farko a yi ajiya zalla. In littafi ya fita lafiya, a shekara ta biyu a buɗe rance ɗaya tak, na rajistar jarrabawa, kada ya wuce abin da yaron ya taɓa ajiyewa sai da sa hannun uba ko mariƙi, a biya da zarar an yi awon auduga. Jarin sayar da ƙosai da gyaran keke su jira.

Yarinyar nan mai littafi ita ta fi tsaya mini a rai. Rubutunta tsaf, ta ja layi da rula, suna a hagu, mako-mako a sama. Ba wanda ya koya mata, wajen uwarta ta gani, ita kuwa uwar da ƙwaƙwalwa take riƙe nata adashin don ba ta yi boko ba. A arewacin Kamaru, kamar a arewacin Najeriya, in kuɗi ya gaza a gida 'ya mace ake fara cirewa daga makaranta. Yarinyar da ke da kuɗin rajistarta a rubuce da sunanta, wanda ta tara da guminta, tana da abin faɗa ran da za a yanke wannan shawara. Ban ce zai hana komai ba, amma uba zai yi nauyin baki kafin ya ce babu hali.

Akwai kuma ilimin da ba ya cikin manhaja. Wanda ya yi shekara yana ma'aji ya san yadda ake daidaita abin da ke rubuce da abin da ke hannu, ya san zafin a nemi sefa ɗari a rasa inda ta shiga, ya san yadda ake ce wa aboki a'a. Waɗannan yaran su ne gobe za su riƙe littafin ƙungiyoyin manoman auduga na ƙauyukansu, inda ake neman mai ilimin da zai karanta sikeli ya rubuta bashin taki ba cuta. Dokar OHADA ta ƙungiyoyin gama-kai, wadda aka amince da ita a Lome a 2010, kuma take aiki a Kamaru da Nijar da Cadi, ta yarda mutum biyar kacal su kafa ƙaramar ƙungiya mai rajista. Ƙofa a buɗe take, masu iya riƙe littafi ne suka yi ƙaranci.

Duk abin da na lissafa a Collire muna da shi a Funtuwa da Gusau da Maraɗi: kaka mai kuɗi, damina mai yunwa, rajistar jarrabawa mai wa'adi, uwaye masu adashi, mu a Najeriya kuma har da bankin da ba ya karɓar kuɗin ruwa, tun da bankin Jaiz ya buɗe a 2012. Ina kira ga shugabannin makarantunmu da ƙungiyoyin iyaye da malamai: a zangon da ke tafe a zaɓi aji ɗaya, a saya musu babban littafi da ƙananan na hannu, a buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a bar yara su zaɓi ma'ajinsu, a karanta lissafin a gaban iyaye ƙarshen kowane wata.